Idan Mai Fyaɗe Ya Gama Wa'adinsa, Ina Za Shi?

Iyayenmu mata da ke tsakar gida, magidanta da ke zaune a ƙofar gida da rediyo a gefe, direbobi da ke bisa hanya, ina gaishe ku baki ɗaya. Maganarmu ta yau mai nauyi ce, kuma ba ta da daɗin ji. In akwai ƙananan yara a kusa, a ɗan janye su. Za mu yi magana ne a kan mutumin da ya yi fyaɗe, ko ya yi lalata da ƙaramin yaro ko yarinya. An kama shi, kotu ta same shi da laifi, ya yi zaman gidan yari, yau wa'adinsa ya cika. Gandiroba ya buɗe masa ƙofa. To, ina za shi? Wa zai san inda ya kwana daren yau? Wa zai san wanda yake zama da shi gobe? Zan faɗa muku matsayina tun yanzu, don kada in ja ku da nisa. 'Ya'yanmu sun fi samun tsaro idan aka riƙe wannan mutum kusa aka sa masa ido, a kan a kore shi ya ɓace. Na san zuciya ba ta son wannan magana. Ku ba ni aron kunnuwanku, ku ji hujja, sannan ku yanke hukunci.

Bari mu fara da abin da babu gardama a kansa. Da yawansu za su fito. Dokar hana cin zarafin jama'a da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, amma ta bar wa alƙali damar saukowa har zuwa shekara 12. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 25 zai fito da sauran ƙarfinsa. Jihar Kaduna ta tsananta a 2020, ta sa hukuncin dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 fyaɗe ba. Mai sauraro na iya goyon bayan wannan doka, yana iya ƙin ta. Ko wanne ka ɗauka, tambayarmu tana nan. Akwai waɗanda aka ɗaure a wasu jihohi. Akwai waɗanda aka ɗaure tun kafin a gyara dokoki. Akwai waɗanda laifin da aka iya tabbatarwa a kansu bai kai fyaɗe ba, sai aka yanke musu shekaru kaɗan. Akwai kuma yara matasa da suka aikata tun ba su mallaki hankalin kansu ba. Duk waɗannan suna da ranar fita. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yarin Najeriya suna, ta koma hukumar gidajen gyaran hali. Suna mai kyau. Sai dai gyaran hali ba a bakin ƙofar kurkuku ake gane shi ba. A unguwa ake gane shi, ranar da mutum ya ga yarinya mai talla ta wuce, babu kowa a layin.

To, yanzu mu duba hanyar da zuciya ta fi so, wato kora. An gwada ta, kuma an gwada ta a ƙasashen da ke da kuɗi da 'yan sanda da kwamfuta. A birnin Miami na Amurka an kafa doka cewa irin waɗannan mutane ba za su zauna kusa da makaranta ba, sai da tazarar kusan mita 760. A takarda abin ya yi kyau. Amma birni ne mai cunkoso, makarantu ko'ina. Da aka auna, kusan babu gidan da ya rage musu. Sai suka tare a ƙarƙashin wata gada da ake kira Julia Tuttle, cikin tantuna da bukkokin katako. Har suka haura mutum 100 kafin a tashe su a 2010. Ku yi tunani, jama'a. Mutumin da ake tsoron sha'awarsa da fushinsa, an raba shi da aiki, an raba shi da iyali, an haɗa shi da ire-irensa a ƙarƙashin gada. Wace yarinya ce wannan ya kare? A jihar Iowa ma an yi irin wannan doka. A 2006 ƙungiyar lauyoyin gwamnati na jihar, wato masu gurfanar da irin waɗannan mutane a kotu da kansu, suka fito suka ce a sauya ta. Dalilinsu shi ne mutanen sun daina faɗin inda suke zaune, hukuma ta rasa sawunsu.

A Ingila kuwa, a shekarar 2000, bayan kisan wata yarinya da ya girgiza ƙasar, jaridar News of the World ta shiga buga sunaye da hotunan masu irin wannan laifi. Jama'a suka fusata. A wata unguwa ta birnin Portsmouth aka yi kwanaki ana zanga-zanga, ana jifan gidaje, ana ƙona motoci. An far wa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, don kawai sun yi kama da wani ko sunansu ya zo ɗaya. Su kuma jami'an da ke bibiyar masu laifin suka yi ta gargaɗi cewa mutanen da suke sa wa ido za su shiga ɓuya. Cikin 'yan makonni jaridar ta dakata. Mu ma nan mun san irin wannan. A taru a yi wa mutum a-ture, a rushe masa ɗaki, a ce kada a sake ganinsa a garin. Kowa ya koma gida zuciyarsa ta yi sanyi. Shi kuwa ya hau mota ya sauka a wani gari, inda babu wanda ya san tarihinsa. Ya kama ɗaki a gidan haya mai cike da yara. Wataƙila har ya sami aikin gadi a makaranta. Manomin da ya kori tsuntsu daga gonarsa bai rage yawan tsuntsu ba, gonar maƙwabci ya tura shi. Shi ya sa nake cewa a riƙe shi kusa, a sa masa ido.

Yanzu ku biyo ni zuwa ɗaya hanyar. A 1994, a garin Hamilton na ƙasar Kanada, aka zo sakin wani mutum da ya sha yin lalata da yara. Ya cinye wa'adinsa kaf, saboda haka doka ba ta da sauran igiya a wuyansa. Masana da suka auna shi sun ce kusan tabbas zai sake. Gari ya ɗauki zafi, 'yan sanda suka sa masa ido dare da rana. Sai wani limamin coci na ɗarikar Menonayit, mai suna Harry Nigh, ya tara wasu 'yan mutane daga cocinsa. Suka kewaye mutumin nan. Suka nema masa wurin kwana. Kullum akwai wanda zai gan shi. Suna cin abinci da shi, suna raka shi asibiti, suna kuma titsiye shi da tambaya. Ina ka je jiya? Me ya kai ka wajen? Me ke yawo a ranka? Mutumin ya rayu har 2005, ya mutu ba a sake kama shi da irin wannan laifi ba. Daga nan tsarin ya samo asali. Ana kiransa da'irar tallafi da bin diddigi. Masu sa kai huɗu zuwa shida ne ke kewaye mutum ɗaya. A bayansu akwai da'ira ta biyu ta ƙwararru: ɗan sanda, jami'in sa ido, likitan halayyar ɗan Adam. Tun ranar farko ake ƙulla yarjejeniya, kuma babban sharaɗinta shi ne babu rufa-rufa. In masu sa kai suka ga ya fara raɓar inda yara ke wasa, ko ya koma shaye-shaye, za su kai rahoto. Ya san da haka, kuma da saninsa ya shiga. An sha mayar da wasu kurkuku ta wannan hanya tun kafin su taɓa kowa. A wajen masu tsarin, wannan ma nasara ce, domin an tsare yaro.

Za ku ce labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Gaskiyarku. To ga abin da bincike ya nuna, kuma ba zan cika ku da lissafi ba. A Kanada, Robin Wilson da abokan aikinsa sun bi sawun mutum 60 da suka shiga da'ira, suka kwatanta su da wasu 60 masu irin tarihinsu da ba su shiga ba. Cikin na da'ira, 3 ne suka sake laifin lalata. Cikin ɗaya rukunin, 10. A jihar Minnesota ta Amurka an yi gwajin da ya fi wannan tsauri. Ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, don kada a ce an tsinci masu sauƙin hali ne. Sakamakon da Grant Duwe ya fitar a 2018 ya bi hanya ɗaya: waɗanda aka kewaye sun fi ƙarancin komawa ga laifin, da tazara mai yawa. Ingila, wadda ta ga abin da tonon silili ya haifar, ta fara nata da'irorin a 2002. Me ya sa abin ke aiki? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abubuwan da ke tura irin wannan mutum ga komawa sanannu ne: kaɗaici, zaman banza, ƙwaya da giya, da jin cewa ba shi da sauran abin da zai rasa. Kora tana ƙara kowanne daga cikinsu. Da'ira tana rage su, sannan ta ɗora idanu da yawa a kansa.

To, yanzu bari mu saurari masu ja da wannan magana, domin suna da abin faɗa. Na farko zai ce hali zanen dutse, wanda ya yi sau ɗaya zai sake. Ga wasu, haka ne. Akwai mutanen da haɗarinsu ya kai a ce kada su sake taka waje, kuma ba na jayayya da hakan. Amma kada mu yi musu kuɗin goro. Karl Hanson, wani masani ɗan Kanada, ya tattara bincike 61 a 1998. Ya samu cewa cikin shekara huɗu zuwa biyar da fita, kimanin kashi 13 cikin 100 ne aka sake kamawa da irin laifin. In aka bi su shekara 15, adadin na kaiwa kusan ɗaya cikin huɗu. Dole in ƙara da cewa waɗanda aka kama kawai ake iya ƙirgawa, kuma fyaɗe laifi ne da ake yawan ɓoyewa. Saboda haka gaskiyar ta fi wannan yawa. Duk da haka, binciken ya nuna abu biyu masu amfani. Ba dukkansu ne haɗarinsu ɗaya ba, kuma ana iya auna shi. Sannan duk shekarar da mutum ya yi a waje bai sake ba, haɗarinsa na raguwa. Ashe shekarun farko su ne wajen zuba ƙarfi. Su ne kuma daidai lokacin da mu muke juya masa baya.

Na biyu zai ce, to ba sai a gyara shi tun yana ciki ba? A nan akwai darasi mai ɗaci. Ingila ta shafe shekaru sama da 20 tana gudanar da wani babban shiri na gyaran tunanin masu laifin lalata a gidajen yarinta, inda ake tara su rukuni-rukuni suna tattauna laifinsu. A 2017 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fitar da bincikenta. Waɗanda suka shiga shirin sun ɗan fi waɗanda ba su shiga ba komawa ga laifin, kashi 10 a kan kashi 8. Aka soke shirin, aka kawo wasu. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka duk abin da aka kira gyaran hali alheri ne. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai an auna an gani. Ita ma da'irar da nake yabo, binciken da aka yi a kanta na mutane kaɗan ne, kuma ya kamata a ci gaba da auna ta. Amma ku lura da bambancin. Mutum na iya haddace duk amsar da malamin gyaran hali ke son ji, domin a kurkuku babu jarrabawa. Jarrabawar tana waje.

Na uku shi ne ya fi kowa hujja, kuma a kansa zan daɗe. Uwa ce za ta ce: 'yata fa? Ita wa ya kewaye ta? Wa ya nema mata magani, wa ya mayar da ita makaranta, wa zai aure ta a garin da kowa ke nuna ta da baki? Mama, maganarki dutse ce. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu a Najeriya ta gamu da cin zarafi na lalata kafin ta kai shekara 18, yaro namiji kuma ɗaya cikin goma. Kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka sami wani taimako. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato suna ƙoƙari, amma sun yi kaɗan. In kuɗi ɗaya ne a hannun gwamnati, a fara da yarinyar. Ban yarda a fifita mai laifi a kanta ba ko da taƙi ɗaya. Kuma in unguwa ɗaya suke, shi ne zai tashi, ita ta zauna a gidan ubanta. Sai dai a san inda ya koma, a kuma damƙa shi a hannun waɗanda suka san abin da ya yi. Ba a tilasta mata yafiya. Ba a kawo shi gabanta da sunan neman gafara sai in ita ta nema. Abin da nake roƙo ba don tausayinsa ba ne. Don yarinya ta gaba ne, wadda bai kai gare ta ba tukuna, wadda har yanzu muna da damar tsarewa.

A nan sai na yi gargaɗi, domin akwai wanda zai karkatar da maganata. Babbar cutarmu a wannan yanki ita ce yawancin masu fyaɗe ba sa ma isa gaban alƙali. Mai laifin sau da yawa ba baƙo ba ne. Kawu ne, ko maƙwabci, ko mai shagon bakin layi, ko malamin da aka amince masa. Sai manya su taru a zaure. A ce a rufa asiri, a ce zumunci, a ce kada a ɓata wa yarinya suna. A ba da kuɗin magani, a yi addu'a, a tashi. Gobe ya koma shagonsa, yara na zuwa sayen alewa. Wannan ba shi ne mayar da mutum cikin al'umma ba. Wannan sakin kura ne, kuma shi ne kishiyar abin da nake faɗa. Tsarin da nake magana a kansa yana zuwa ne bayan hukunci, kuma ginshiƙinsa shi ne mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban waɗanda za su riƙe shi. Haka batun tuba. Ƙofar tuba a buɗe take, babu mai rufe ta. Amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa haƙƙin wani ba ya faɗuwa don ka yi istigfari. Tuba tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amanar yara kuwa tamu ce, kuma ba za mu sake ba shi ita ba. Ya yi sallah a sahu, a yi ciniki da shi a kasuwa, a amsa sallamarsa. Amma ba zai koyar a Islamiyya ko makarantar allo ko ta boko ba. Ba zai ɗauki yara a Keke Napep zuwa makaranta ba. Ba zai riƙe almajirai ba. Har abada. Wanda ya tuba da gaske shi zai fara neman a sa masa wannan iyaka. Wanda ya ji haushinta, to a ƙara sa masa ido.

Saura mai cewa mu ba Kanada ba ne, ba mu da kuɗi, ba mu da likitocin ƙwaƙwalwa. Haka ne, kuma gidajen yarinmu a cushe suke, mafi yawan na ciki ma jiran shari'a suke yi. Amma ku tuna da me aka fara a Hamilton: limami ɗaya da 'yan mutanensa. Mu kuwa muna da mai unguwa da ya san kowane gida. Muna da dagaci, da liman, da fasto, da 'yan sintiri, da Hisbah a jihohin da take. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna ta tanadi sashen kula da masu laifi a wajen kurkuku, har da sakin talala da bibiya. Hukumar NAPTIP ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a watan Nuwamba na 2019. Kayan aikin suna nan a warwatse, ba a ɗinke su ba. Abin da ya rage shi ne kafin a saki mutum, hukuma ta sanar da mai unguwar da zai koma. A zaɓi mutane huɗu ko biyar masu mutunci, a horar da su su san alamun haɗari. A sa jami'i guda da za su riƙa kai wa rahoto. A nema masa sana'ar da babu yara a cikinta. Kuma kada a kuskura a bar abin a hannun danginsa kaɗai, domin dangi su ne gwanayen rufa-rufa. A sa mata a cikin masu faɗa a ji. Uwa tana ganin abin da mazan zaure ba sa gani, kuma ita yara ke fara gaya wa.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa, sai in bar ku da aiki. Ranka ya daɗe mai unguwa, in an ce wani zai dawo daga gidan yari da irin wannan laifi, kada ka jira matasa su riga ka da duwatsu. Je ka ofishin 'yan sanda da na gidan gyaran hali, ka tambayi sharuɗɗan sakinsa, ka tara mutanenka. Allah gafarta malam, in ya zo masallaci kada ka kore shi, kuma kada ka ba shi allo ya biya wa yara. Shugabannin makarantu, ku binciki tarihin duk wanda za ku ɗauka, ko mai gadi ne, ko mai shara. Iyaye mata da maza, in yaro ya ce ba ya son zuwa ɗakin wane, kada ku yi masa tsawa, ku zaunar da shi ku tambaye shi dalili. In kuma abin ya riga ya faru, a garzaya asibiti cikin kwana uku, tun maganin kariya daga cuta yana da amfani, sannan a wuce wajen hukuma. Ke kuma da aka zalunta, in kina jin muryata, laifin ba naki ba ne, kuma akwai masu saurarenki a cibiyoyin da na ambata. Allah ya tsare mana zuri'a.